Haƙori a Ma'aunin Shari'a: Jinya, Ibada da Iyakar Kwalliya

Tambayoyin da majinyaci Musulmi yake yi kan haƙoransa sukan rabu tsakanin likita da malami, kuma sau da yawa tambaya ɗaya ce ake kai wa kowannensu rabi. Likita ake tambaya ko haƙorin da ya yi kogo zai ciku ko sai an cire, malami kuma a tambaye shi ko cirewar za ta karya azumi. Likita ne zai faɗi ko haƙoran da suka hau juna za su daidaitu da waya, amma malami ake jira ya ce wannan gyara ne ko canza halittar Allah. Tushen waɗannan tambayoyi uku ne: matsayin neman magani a wurin wanda ya yi imani da ƙaddara, abin da jinya take taɓawa na tsarki da azumi, da iyakar da ke tsakanin gyaran aibi da kwalliyar da aka hana. Dukkansu tsofaffin mas'aloli ne a fiƙihu, kayan aiki ne kawai suka sabunta.

Malaman usuli ba sa yanke hukunci a kan abu sai sun san yadda yake, saboda haka da haƙorin kansa za a fara. Yaro yana fitar da haƙoran nono 20, babba kuma yana da 32 idan duk sun fito. Kowane haƙori yana lulluɓe da farin ɓawo wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi. Ƙarƙashin ɓawon akwai sashe mai ɗan laushi, can tsakiya kuma akwai ɓargo mai jijiya da hanyoyin jini. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin ragowar sukarin da ya maƙale, suna fitar da ruwa mai tsami da ke zaizaye ɓawon a ɓoye, kamar gara a cikin azara. Muddin ɓarnar tana waje, mutum ba ya jin komai. Idan ta shiga sashe na biyu, sai ruwan sanyi ko alewa su fara sa shi zabura. Idan ta kai ɓargo, nan ne zogin da ke hana barci yake farawa. Fata takan warke, karaya takan haɗe bayan ɗori, amma haƙorin da ya riga ya yi rami ba ya cikowa da kansa, kuma jinkiri ba ya ƙara masa komai sai zurfi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta masu fama da cututtukan baki da kusan mutum biliyan 3.5, mafi yawansu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi.

Babu tsutsa a cikin haƙori, duk da tsufan wannan imani, wanda aka samu har a rubuce-rubucen mutanen Iraƙi na dā. Tun a ƙarni na 13 wani marubuci ɗan Sham mai suna Aljaubari ya tona asirin 'yan damfarar da ke ɓoye tsutsa sannan su nuna wa mai ciwo cewa daga bakinsa ta fito. Har yanzu ba a rasa jikokinsu a bakin kasuwa.

Tambayar farko, ta neman magani da ƙaddara, ita ce mafi zurfi, ko da yake ba kasafai ake furta ta ba. Tana fitowa ne a aikace, a wurin mutumin da ya yi wata shida yana tauna da gefe ɗaya, yana cusa kanumfari a kogo, yana cewa cuta kankarar zunubi ce kuma komai yana da lokacinsa. Maganarsa tana da asali. Ya tabbata a hadisi cewa duk abin da ya sami mumini na ciwo, har ƙayar da ta soke shi, ana kankare masa zunubi da shi. Akwai kuma labarin matar nan mai farfaɗiya da Manzon Allah (SAW) ya bai wa zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri mai sakamakon Aljanna, ta zaɓi haƙuri. An ruwaito cewa wasu magabata sun ƙi a kira musu likita a ciwon ajalinsu. A ɗaya ɓangaren kuma, Usama ɗan Sharik ya ruwaito cewa ƙauyawan Larabawa sun tambayi Annabi (SAW) ko su yi magani, ya umarce su da yi, ya shaida musu cewa kowace cuta tana da maganinta ban da tsufa. Aikinsa ma ya nuna haka. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, an karya masa haƙorin da ke kusa da fiƙa, an yi masa rauni a fuska. Sayyidina Ali yana zuba ruwa, Nana Faɗima tana wankewa, da ta ga jinin ƙaruwa yake yi sai ta ƙona guntun tabarma ta manna tokar a kan raunin, ya tsaya. Wanda ya fi kowa tawakkali bai hana ta ba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya warware wannan a littafinsa Ihya'u ta hanyar kasa sababan kawar da cuta gida uku. Akwai tabbatacce, irin ruwa ga mai ƙishirwa, kuma barinsa ba tawakkali ba ne, haramun ne ma idan ana tsoron halaka. Akwai wanda ake kyautata zaton amfaninsa, irin ƙaho da magungunan likitocin zamaninsa, yinsa ba ya warware tawakkali, barinsa kuma ba laifi ba ne. Akwai na uku wanda amfaninsa hasashe ne kawai, shi ne wanda mai cikakken tawakkali yake bari. Amfanin wannan rabo shi ne ya ɗaure hukunci da ƙarfin ilimi, kuma ilimi ba ya tsayawa wuri ɗaya. A zamanin Gazali yawancin magani yana gida na biyu. A yau, fitar da mugunya daga tushen mataccen haƙori, ko cire shi, ko yashe ɓargonsa a cike, aiki ne da sakamakonsa ya kusa zama yaƙini. Haɗarin barinsa ma sananne ne: mugunyar turmin ƙasa takan gangara ƙarƙashin harshe da wuya, ta kumbura har ta toshe hanyar numfashi, mutum ya mutu a kan abin da aka fara da "ai haƙori ne kawai". Masu ciwon sukari sun fi shiga wannan haɗari.

A kan wannan tafarki Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, mai mazauni a Jidda, ta tafi a zamanta na 1992. Ta ce asalin neman magani halas ne, amma hukuncinsa yana canzawa da hali: wajibi ne idan barinsa zai kai ga mutuwa, ko rasa gaɓa, ko kuma cutar mai yaɗuwa ce, mustahabbi ne idan barinsa zai raunana jiki kawai, makaruhi ne idan ana tsoron maganin zai jawo abin da ya fi cutar muni. Idan aka ɗora haƙori a kan wannan ma'auni, kumburin fuska da zazzaɓi da kasa buɗe baki suna gidan wajibi, ƙaramin rami kuma yana gidan mustahabbi kafin ya girma. Haƙurin da aka yaba shi ne kame zuciya da harshe daga fushi da hukuncin Allah, kuma ana iya yin sa a kan kujerar likita. Matar nan mai farfaɗiya ba asibiti ta ƙi zuwa ba, domin babu wani sanannen magani da aka miƙa mata ta ture.

Sai dai ba kowane jinkiri ne sakaci ba. Wanda ba shi da kuɗin ciko, ko wanda likitan haƙori mafi kusa da shi yana babban birnin jiha, yana da uzuri, nauyin kuma yana komawa kan al'umma. Gazali ya lissafa likitanci cikin farillan da idan babu mai yi kowa ya yi laifi, har ya koka da garuruwan da suka cika da masu zurfafa bincike a rassan fiƙihu alhali babu likita Musulmi ko ɗaya a cikinsu. Kukan bai tsufa ba.

Abin da babba zai iya jurewa a kan kansa ba shi da ikon ɗora wa ɗansa. Cutar noma, wadda wasu a ƙasar Sakkwato ke kira ciwon iska, tana farawa ne da ɗan gyambo a dasashin yaro mai tamowa, galibi ɗan shekara 2 zuwa 6, cikin 'yan kwanaki ta ci kunci da leɓe har ƙashi. Idan aka gano ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftace baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Idan aka bar ta, mafi yawan yaran ba sa rayuwa. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Haka nan al'adar jingina kowane zawo da zazzaɓin jariri ga fitar haƙori. Fitar haƙori takan kawo ƙaiƙayin dasashi da dalala da rigima, amma zawo mai tsanani da zazzaɓi mai zafi suna da wani dalili da ya kamata a nema. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani gurɓataccen maganin haƙorin yara mai suna My Pikin ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya, a kan abin da tun farko ba cuta ba ne.

Tsaftar baki ba ta da saɓani. Asuwaki yana cikin mustahabban alwala da ɗalibi yake haddacewa tun a Ahalari, kuma Annabi (SAW) ya nuna cewa tsoron tsananta wa al'umma ne kawai ya hana shi wajabta shi a kowace salla. Tambayar da ake yi ita ce ko buroshi yana tsayawa a matsayinsa. Malaman da suka dubi manufa sun ce duk abin da ya kawar da datti da wari ya biya, tunda malaman Malikiyya ma sun yarda da yatsa idan babu itace. Itacen arak da ake kawowa daga Makka yana da falalar koyi, marke da darbejiya kuma sun daɗe suna aiki a ƙasar Hausa. Ta fuskar likitanci, asuwakin da aka iya riƙewa yana share datti sosai, amma yana wahalar kaiwa bayan turame da cikin haƙora ta wajen harshe, kuma ba ya ba da isasshen sinadarin fuloraid irin wanda ke cikin man goge baki mai ƙarfafa ɓawo. Haɗa su biyun ya fi: buroshi safe da dare, asuwaki a lokutan salla. Gurzawa da ƙarfi, ko da gawayi ko toka ko yashi, tana cinye ɓawo tana janye dasashi.

Wasu suna gudun wankin haƙori a asibiti don wai yana sa haƙora girgiɗi da tazara. Abin da ake kankarewa datti ne da ya daskare ya zama dutse a gindin haƙori, shi ne yake cin dasashi da ƙashin da ke riƙe da tushe. Idan aka cire shi, tazarar da ya ɓoye takan bayyana, sai a ɗora wa wanki laifin abin da ya tona. Wannan dutse yana cikin manyan masu kawo warin baki, kuma malamai sun ƙiyasta mai warin da ke cutar da jama'a a kan wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa, wanda aka ce ya nisanci masallaci. Hadisin da ya yabi warin bakin mai azumi yana magana ne a kan abin da wofin ciki yake haifarwa, bai zama hujja ga ruɓaɓɓen dasashi ba.

A watan Ramadan tambayoyi sukan yi yawa. Risala ta halatta asuwaki ga mai azumi a dukkan yini, saɓanin Shafi'iyya da suka karhanta shi bayan rana ta karkata. Malikiyya sun karhanta ɗanyen itace ne saboda tsoron wani abu ya ɓalle ya wuce maƙogwaro, kuma a wurinsu idan ruwan kurkure ko danshin asuwaki ya rinjayi mutum ya wuce a azumin farilla, sai ya rama. Shehu Halil, a Muhtasar, ya ambaci maganin lalacewar gindin haƙori da rana cikin makaruhan azumi, sai in ana tsoron cutuwa. Wato tun ƙarni na 14 mas'alar tana rubuce, kuma ba a ce tana karya azumi ba. Majalisar Jidda ta bi wannan a 1997, ta lissafa huda haƙori da cire shi da wanke shi da amfani da buroshi cikin abubuwan da ba sa karya azumi muddin an kauce wa haɗiye abin da ya kai maƙogwaro, haka ma allurar da ba ta abinci ba ce. Allurar kashe zafi da ake yi a dasashi tana cikin wannan, kuma ba ta gusar da hankali, wurin kawai take kashewa.

A aikace akwai ɗan sarƙaƙiya. Bayan an cire haƙori, likita yakan sa mutum ya ciji auduga, ya hana shi kurkure baki da ƙarfi ko yawan tofarwa na tsawon yini guda, domin kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fita, ramin ya bushe ya koma ciwon da ya fi na farko. Mai azumi kuma hankalinsa yana kan tofar da duk abin da ya ji ɗanɗanonsa. Ga maganin zafi da za a buƙaci sha idan allura ta sake shi. Shi ya sa majalisar ta shawarci likitoci su ɗage abin da ɗagewa ba za ta cutar ba zuwa bayan shan ruwa. Wanda fuskarsa ta kumbura kuwa marar lafiya ne, yana cikin waɗanda Suratul Baƙara ta yi wa rangwamen sha da ramawa, kuma ba a neman ya jira Sallah.

Tsarki ba ya buƙatar dogon bayani. Kurkure baki sunna ne a alwala da wanka a wurin Malikiyya. Hanafiyya sun wajabta shi a wankan janaba, Hanbaliyya a duka biyun, amma fatawar da aka tafi a kai ita ce ciko da murfin da aka liƙa wa haƙori da wayar daidaitawa suna ɗaukar hukuncin haƙorin, ruwa ya bi ta kansu ya isa. Jinin dasashi ba ya karya alwala a mazhabar Maliku.

Mas'alar da ta fi rikitarwa ita ce ta canza halitta. Aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta ambaci canza halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan ya sha alwashin umartar mutane da su, kuma hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, a Buhari da Muslim, ya kawo tsinuwa a kan matan da ke goge tsakanin haƙoransu su yi wushirya don kyau. A ɗaya gefen akwai Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi da na zinare, alhali zinare haramun ne ga maza. Tirmizi, bayan ya kawo hadisin, ya ambaci cewa malamai da dama sun ɗaure haƙoransu da zinare. Shehu Halil ma ya togace hanci da ɗaure haƙori daga haramcin zinare da azurfa ga namiji. Likitocin Musulmi sun yi aiki da wannan izini. Azzahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana a littafinsa Attasrif yadda ake saƙa waya tsakanin haƙoran da ke girgiɗi, ya fifita zinare don azurfa takan ɓaci a baki, ya zana kayan kankare dutsen haƙori, ya kuma ambaci sassaƙa haƙori daga ƙashin saniya a maye gurbin wanda ya faɗi.

To, ina iyakar take? Ba za a ce kowane canji haramun ne ba, domin kaciya da yanke farce da rage gashin baki duk canji ne, kuma umarni aka yi da su. Ɗabari ya tsananta, ya hana mace cire haƙorin da ya yi ƙari ko rage wanda ya yi tsawo don kyau, amma shi ma ya togace wanda ke hana cin abinci ko yake cutarwa. Nawawi ya tsaya a kan sharaɗin da ke cikin hadisin, cewa don kyau ake yi, ya ce idan don magani ne ko wani aibi a haƙorin babu laifi. Ya kuma bayyana cewa tsofaffi ne suke yi don su yi kama da 'yan mata, wato akwai yaudara a ciki. Ibnu Ashur na Tunis, Bamalike da ya rasu a 1973, ya fi kowa sassautawa, ya yi zaton hanin ya shafi alamomin da a wancan zamani aka san karuwai ko mushirikai da su. Ra'ayinsa bai samu mabiya da yawa ba. Abin da jumhuru suka tsaya a kai shi ne bambanci tsakanin mayar da gaɓa zuwa ga siffar da aka san 'yan Adam da ita, da kuma ɗaukar lafiyayyar gaɓa a sāke ta don neman ƙarin kyau. Majalisar fiƙihun ta tabbatar da haka a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta gyaran aibin haihuwa irin tsagaggen leɓe da haƙorin ƙari idan suna cutarwa a jiki ko a rai.

Wannan ƙa'ida tana warware yawancin tambayoyi. Ciko da haƙorin roba da dashen haƙori mai tushen ƙarfe a muƙamuƙi duk mayar da abin da aka rasa ne. Wayar daidaita haƙoran da suka turo gaba ko suka hau juna gyaran aibi ce, musamman da yake cunkoso yana hana tsaftacewa, wani lokaci har yana ɓata furuci da tauna. Cire jan goro da baƙin taba mayarwa ne ga asali. Garin ƙashin da ake ƙarawa kafin dashe, idan na dabba ne, ana tambayar asalinsa, a guji na alade matuƙar akwai madadi. Malaman dā ma sun tattauna sa haƙorin tunkiyar da aka yanka a gurbin na mutum. Amma ƙa'idar ba ta rufe kowace ƙofa ba, domin tsakanin aibi bayyananne da lafiya cikakkiya akwai fili mai faɗi. Ɗan karkacewar da wani bai damu da ita ba tana iya hana wata budurwa dariya a cikin mutane. A nan shari'a ta bar abin ga al'ada da gaskiyar mai tambaya da shaidar likita amintacce, kuma malamin da ya ba da amsa ɗaya ga kowa bai yi adalci ba.

Inda babu shubuha shi ne sassaƙa wushirya. Bahaushe yana ganin kyanta, wanda aka haifa da ita kuma ba a ce ya toshe ba. Amma wanda ya sa aka goge masa haƙoran gaba ya yi ainihin abin da hadisin ya ambata, kuma ko da za a bi Ibnu Ashur, cutarwa kaɗai ta isa hana shi: ɓawon da aka goge ba ya dawowa, haƙorin yakan riƙa zuga, wani lokaci jijiyar ta mutu ya yi baƙi. Hukuncin yana bin masu kankare lafiyayyun haƙora don a liƙa musu farin tangaran na yayi. A dā matan Hausawa da fure da goro suke rina haƙora su yi ja, ana yaba su. Yau fari fat ake nema. Fure dai yana fita idan an daina.

Haƙorin Makka yana buƙatar a faɗi gaskiya a kansa ba tare da cin fuska ba. Murfi ne na zinare ko azurfa da alhaji ko hajiya suke sawa a kan lafiyayyen haƙori don shaidar an sauke farali. Izinin da aka bai wa Arfaja na lalura ne, kuma abin da Halil ya togace ɗaure haƙori ne, ba ƙawata shi ba, saboda haka namiji ba shi da mafaka a nan. Mace an halatta mata ado da zinare, don haka malamai da yawa ba su hana ta ba inda al'ada ta saba, muddin babu almubazzaranci. Duk da haka, idan sai an goge haƙorin kafin murfin ya zauna, ko kuma bai zauna daidai ba abinci yana taruwa a ƙarƙashinsa, cutarwa ta shigo. Akwai kuma batun niyya, tunda aikin hajji ba ya buƙatar shaida a baki, ko da yake wannan tsakanin bawa ne da Ubangijinsa. Abin lura shi ne yadda tsantseni ya juye: inda fiƙihu ya buɗe ƙofa, wato jinya, nan ake ɗari-ɗari ana neman fatawa, inda ya ƙuntata kuma nan ake wucewa babu tambaya.

Shari'a ta kuma duba hannun da ke yin aikin. Hadisi ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da shi ba. Diyyar haƙori ɗaya raƙuma 5 ce, kamar yadda ya zo a wasiƙar Amru ɗan Hazm da ke cikin Muwaɗɗa, babu bambanci tsakanin na gaba da turmi. Wanda ya lissafa zai ga haƙoran baki duka sun kai raƙuma 160, alhali diyyar rai 100 ce. Azzahrawi ya gargaɗi masu cire haƙori da gaggawa, ya ce zogi yakan yaudari mai ciwo ya nuna lafiyayyen haƙori, a cire, ciwon yana nan. Halil kuma ya ce idan aka yi jinga da mutum don cire haƙori sai ciwon ya lafa kafin a cire, jingar ta warware, domin babu sauran dalilin taɓa shi. Mai cire haƙori a gefen titi da filaya ɗaya ga kowa, ban da karya tushe da yake yi, yana iya ɗaukar cutar hanta ko ƙanjamau daga wannan baki zuwa wancan, kuma yardar majinyaci ba ta wanke jahilcinsa.

Game da mace da likita namiji, majalisar fiƙihun ta tsara a zamanta na Burunai a 1993 cewa a fara neman likita mace Musulma, sai mace amintacciya wadda ba Musulma ba, sai namiji Musulmi, sai wanda ba Musulmi ba, tare da miji ko muharrami ko wata mace amintacciya a wurin. Rashin likita mace bai zama dalilin barin matar aure da kumburi a ɗaki ba. Juna biyu ma ba ya hana ciko ko cire haƙori idan an sanar da likita, watanni uku na tsakiya kuma sun fi sauƙi.

Tambayar ƙarshe masu wankan gawa ne suke yin ta. Haƙorin roba da mamaci yake cirewa da kansa ana iya zare shi, in kuma zarewar za ta ɓata kamannin fuskarsa a bar shi. Ciko da dashe ba a taɓa su. Haƙorin zinare dukiya ce da ta koma hannun magada, don haka idan zai fita cikin sauƙi ana cire shi. Idan ba zai fita ba sai da fizga ko karyawa, hadisin Nana A'isha ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai, sai a bar shi a binne shi da shi.